Babi na 7: Fikof ɗin Kamfani, a Bar Shi ko a Cire?

Idan aka kai wa dillalin tsofaffin jitoci a Nashville ko Landan Les Paul ƙirar 1959, ba kaɗa ta yake fara yi ba. Sukundireba yake ɗauka. Zai sassauta tsirkiyoyi, ya kwance fikof biyun a hankali, ya juya bayansu ya duba wata 'yar baƙar sitika mai rubutun ruwan zinariya. Daga nan ya buɗe marfin bayan jitar, ya haska fitila cikin ramin wayoyi. Abin da yake son sani shi ne ko dalmar da ta riƙe wayoyin ita ce wadda aka ɗiga a ma'aikatar Gibson da ke Kalamazoo, ko kuwa wani ya taɓa narkar da ita daga baya. Tsohuwar dalma dushewa take yi, sabuwa kuwa tana sheƙi. Ɗigo ɗaya mai sheƙi ya isa ya zaftare dubban daloli daga farashi.

A shekarar da aka ƙera jitar nan dala 265 ne kuɗinta, ban da akwati. Yau wadda ba a taɓa ba tana haura dala 200,000. Waɗanda aka yi irinta daga 1958 zuwa 1960 ba su kai 2,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu sun sha hannun masu gyara. To me ke cikin fikof ɗin nan da har ake tsaron dalmarsa?

Jitar lantarki mai jikin katako zalla ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi da zai ɗaga amon tsirkiya. In ka kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke ɗaki na gaba ma ba zai ji ba. Fikof shi ne maɗaukin sautin, kuma kayan haɗinsa ba su da yawa: maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe a kewaye da shi. Tsirkiyar ƙarfe tana rawa a saman maganaɗisun, rawar tana motsa ƙarfin jansa, motsin kuma yana haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, kamar yadda Michael Faraday ya gano tun 1831. Wannan 'yar wuta ce ke bin kebul zuwa amfilifaya. Wayar da Fender da Gibson suka fi amfani da ita, mai lamba 42, kaurinta milimita 0.06 ne da ɗan ɗoriya, kuma fikof ɗaya na Stratocaster yana cin zagaye wajen 8,000, wato kusan kilomita guda na waya a cikin abin da bai cika tafin hannu ba.

Duk bambancin da ake ta jayayya a kai daga nan yake fitowa. In aka ƙara yawan naɗi, wutar tana ƙaruwa, amma sautin yana yin kauri, kaifinsa na raguwa. In aka rage, sai ya fito tas amma da ƙarancin ƙarfi. Irin maganaɗisun ma na da tasa rawar: akwai alniko, gamin ƙarfe da alminiyum da nikel da kobalt, mai lambobi daga rarrauna zuwa ƙaƙƙarfa, akwai kuma na siramik, mai arha da ƙarfi. Hatta murfin ƙarfen da ake rufe fikof da shi yana ɗan cin kaifin sauti, shi ya sa makaɗan Ingila na shekarun 1960 suka riƙa ɓalle shi.

George Beauchamp ne ya fitar da fikof na farko da ya shiga kasuwa da gaske, a jitar Rickenbacker ta farkon shekarun 1930. Gibson ta kawo P-90 a 1946, Leo Fender kuma ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954 daga Fullerton ta jihar Kalifoniya. Dukkansu masu naɗi ɗaya ne, kuma ciwonsu ɗaya: ba rawar tsirkiya kaɗai suke ɗauka ba, har da ƙugin wutar gida da ke fitowa daga taransifoma da fitilu. Wani injiniyan Gibson, Seth Lover, shi ya samo maganin da ya zauna. Ya jera naɗi biyu gefe da gefe, kowanne da fuskar maganaɗisu kishiyar ta ɗan'uwansa, ya haɗa su ta yadda sautin tsirkiya zai taru amma ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan. Wannan shi ne hambaka. An shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙirarsa a 1955, ya hau Les Paul a 1957, aka amince da takardar a 1959. Sitikar da dillali ke dubawa tana cewa ne ana jiran amincewar, kuma daga haruffan farkon kalmominta na Turanci aka samo sunan PAF. Gibson ta ci gaba da liƙa ta har wajen 1962, shekaru bayan an gama jiran. Da ta tashi sauya sitikar ma, sai ta buga lambar wata takardar daban, wadda ta shafi ƙarfen riƙe tsirkiya.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin duk wanda ya ce yana neman "sautin PAF" yana neman abin da ba guda ɗaya ba ne. A ƙa'ida kowane naɗi zagaye 5,000 ne. A aikace injinan naɗin ba duka ke tsayawa da kansu ba, ma'aikaci ne ke kashewa in ya ga gammon, wato robar da ake naɗin a kanta, ya cika. Saboda haka in aka ɗora mita a kan PAF goma, wani zai nuna ohm 7,000 da 'yan kai, wani ya doshi 9,000, kuma sau da yawa naɗi biyun da ke cikin fikof ɗaya ba su yi daidai da juna ba. Maganaɗisun ma abin da ya samu a sito ake sakawa, yau alniko mai lamba 2, gobe mai lamba 4 ko 5. A 1959 robar da ake naɗin a kanta ta zo wani lokaci baƙa, wani lokaci fara-fara, wani lokaci ɗaya baƙa ɗaya fara, kuma babu wanda ya damu tunda murfi zai rufe. Yau masu fararen biyu sun fi tsada, alhali launin roba ba ya ƙara wa kunne komai.

Ma'ana, abin da ake kira asali a yau ba tsararren shiri ba ne, abin da ya faɗo ne a ranar aiki. Akwai PAF masu daɗin da ba a kwatantawa, akwai kuma masu sauti dushe-dushe da makaɗi ba zai waiwaya ba in da ba a gaya masa shekararsu ba. Rashin daidaiton naɗi biyun nan, wanda injiniya zai kira kuskure, shi ne ke barin wani ɗan kaifi ya tsira, kuma masu naɗin zamani da gangan suke kwaikwayonsa.

Ita kanta Les Paul ɗin ba ta yi kasuwa ba a lokacinta. Gibson ta daina yin ta a wannan siffa bayan 1960. Sai da Eric Clapton ya jona ɗaya a amfilifayar Marshall a faifan da ya yi da John Mayall a 1966, Mike Bloomfield kuma ya riƙe tasa a Amurka, sannan matasa suka bazama shagunan jingina suna nema, har kamfanin ya dawo da ita a 1968.

Zamanin cire-cire ya zo ne da dalilinsa. A farkon 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender kan dala miliyan 13, Gibson ma ta koma hannun sababbin iyayen gida a ƙarshen shekarun 1960, waɗanda aka sani da Norlin. Makaɗa da yawa suka fara ƙorafin cewa an fifita yawa a kan kyau. A daidai lokacin kuma kiɗan rok yana ƙara nauyi, ana son fikof da zai tura amfilifaya har muryarta ta dusashe ta yi gurnani. A 1972 wani matashi a New York, Larry DiMarzio, ya fito da Super Distortion, hambaka mai maganaɗisun siramik da naɗin da ya haura ohm 13,000, wanda ya yi daidai da ramin Gibson ba sai an sassaƙa komai ba. Shi ne fikof na farko da aka riƙa sayarwa da yawa domin a maye gurbin na kamfani. Seymour Duncan, wanda ya yi wa Jeff Beck naɗi a Landan, ya kafa nasa kamfanin a Santa Barbara a 1976. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin da ya zama EMG, mai fikof da ke aiki da batir mai bolt 9.

Sai ga Eddie Van Halen. Ya ɗauki jikin jita mai siffar Stratocaster, ya rarake katakon da kansa, ya ciro PAF daga wata Gibson ES-335 ya dasa shi a karkace kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita. Ya tsoma fikof ɗin cikin narkakken kakin kyandir domin wayoyin su daina motsi su daina ihu a gaban sifika. Da faifan ƙungiyarsa na farko ya fito a 1978, kamfanoni suka bi sahu, yaran unguwa ma suka bi da gizago da kurfi. A waɗannan shekarun Stratocaster ta 1962 tsohuwar jita ce kawai, ta hannu. An rarake da yawa an dasa musu hambaka, tsofaffin fikof kuma suka tafi aljihun tebur ko kwandon shara. Ba zan zargi mutanen nan ba, kayan aikinsu ne suke gyarawa domin aikin daren ranar. Amma kowace jita da aka rarake ta ƙara wa waɗanda suka tsira tsada, kuma daga nan ne tsoron taɓa dalma ya samo tushe.

Da ƙa'idar dillalai gaskiya ce ta ko'ina, da jitar David Gilmour na Pink Floyd ba za ta yi daraja ba. Baƙar Stratocaster ce ta 1969, zamanin CBS da ake rainawa, ya saya a shagon Manny's na New York a 1970. An sauya mata wuya ba sau ɗaya ba. An rarake ta an sa hambaka, an cire. Fikof ɗinta na wajen jaki ya koma na DiMarzio, daga baya na Seymour Duncan. An yanke katakonta an dasa wani babban jaki na Kahler, aka zo aka cire aka cike ramin. Ta yi shekaru rataye a wani gidan abinci na Hard Rock Cafe. A watan Yunin 2019 aka yi gwanjonta a Christie's ta New York kan dala 3,975,000. Blackie ta Clapton kuwa harhaɗa ta aka yi daga Stratocaster uku da ya saya a Nashville, kuma a 2004 ta tashi a dala 959,500.

Abin da nake gani shi ne kasuwar nan ba sauti take saye ba, labari take saye. Labarin iri biyu ne: ko dai na ma'aikata, cewa ga abu yadda ya fito tun ranar farko, ko na hannun da ya riƙe ta. Wanda ya sauya fikof a tsohuwar jita ya goge labari na farko, kuma in ba shi ne Gilmour ba, bai rubuta na biyun ba. Shi ya sa gardamar ke daɗewa ba ta mutuwa: mai adanawa yana maganar shaida, makaɗi yana maganar kayan aiki, kowanne kuma yana zaton ɗayan bai da kunne.

Da zarar an raba biyun, hukuncin ba wuya. Fender ta kafin 1965, Gibson ta shekarun 1950 da farkon 1960, da duk wadda tsufa da ƙaranci suka mayar kadara, a bar su yadda suke. In sautinta bai yi maka ba, sayar da ita ka sayi uku da suka yi maka. Sauran jitocin duniya kuwa, waɗanda ake bugawa dubbai a Indonesiya da Sin da Meziko, babu wani alhaki a sauya musu fikof. Sai dai mutum ya sani kuɗin da ya zuba ba zai dawo ba: jitar dala 200 da aka sa wa fikof na dala 250 ba ta zama ta 450 a idon mai saye. Mai wayo yakan ajiye tsofaffin a leda, ya bar musu wayarsu da tsawo bai guntule ba, ran sayarwa ya mayar da su ya riƙe sababbin. Sharaɗin da ba a ɗagawa shi ne kada a taɓa katako. Dalma ana narkarwa a sake, rami kuwa ko an cike ya bar tabo. Yanzu ma babu uzuri, tunda akwai hambaka da aka matse cikin girman fikof mai naɗi ɗaya, akwai P-90 cikin girman hambaka.

Amma kafin a kai ga saye, yawancin abin da ake ɗora wa fikof ba laifinsa ba ne. Tsayinsa kaɗai, wanda sukurori biyu ke ɗagawa da saukewa, yana sauya sauti fiye da yadda mutane ke zato. In ya matso tsirkiya da yawa, musamman a Stratocaster inda sandunan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin su ne maganaɗisun, yakan ja tsirkiyar har amonta ya riƙa rawa kamar ba a ɗaure ta daidai ba. Maɓallin murya da ake murzawa shi ma yana da lamba: Fender ta saba sa mai ohm 250,000, hambaka kuma an fi haɗa shi da mai 500,000, in aka sa ƙaramin a inda babban ya dace sai sauti ya toshe. Dogon kebul na cin kaifi. Tsirkiyar da ta shekara tana shan gumi ba fikof ɗin da zai raya ta. Sannan sifikar amfilifaya ta fi duk waɗannan tasiri, ita ce kuma ba a cika zargi ba. Akwai wani abin dariya da duk mai gyara ya sani: wanda ya sauya fikof dole ya kwance tsirkiyoyi, galibi sai ya sa sababbi, ya kuma daidaita tsayi. In ya jona ya ji sauti ya washe, sai ya gode wa abin da ya fi tsada a cikin ukun.

Ba ina cewa sauyin banza ba ne. Fikof mai arha wanda ba a tsoma a kaki ba yana ihu da zarar an ɗaga murya, kuma babu sukurun da zai hana. Wanda ke kiɗa mai nauyi da fikof mai naɗi ɗaya zai yi ta fama da ƙugi. Brian May na Queen, wanda ya ƙera jitarsa da mahaifinsa a gida a farkon shekarun 1960, da kansa ya naɗa fikof ɗin farko, bai gamsu ba, ya sayo na Burns ya sa, kuma da su duniya ta san shi.

A ƙasashenmu maganar ta fi karkata wajen nan. Jitar lantarki tana da gida a Agadas, inda kiɗan Abzinawa ya zama kiɗan biki, inda kuma Bombino da ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr suka fito. Mdou Moctar, wanda yau ke zaga duniya da Stratocaster ta bahago, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Jitar lantarki tana kuma da gida a majami'un Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, da ɗakunan ɗaukar waƙa. Jitocin da ke hannun yawancin makaɗan nan ba masu sitikar zinariya ba ne, kuma abokan gabarsu ƙura ne da gumi da janareta. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, don haka ƙugin namu ya ɗan fi nasu kauri, amma ciwon ɗaya ne. Sai dai a lura, hambaka ƙugin maganaɗisu kaɗai yake kashewa. Zizar da ke tashi saboda wayarin ɗin wurin ba shi da wayar ƙasa, wadda ke raguwa in ka ɗora hannu a tsirkiya, ba ta jin wannan magani. Ita maganinta a shimfiɗe ramin wayoyi da takardar jan ƙarfe a haɗa ta da wayar ƙasan jitar, a kuma gyara soket, wanda dama ya fi muhimmanci, domin amfilifaya marar wayar ƙasa na iya jan mutum. Mai Stratocaster ta zamani ma yana da rabin magani a hannu: a yawancinsu an juya fikof na tsakiya, saboda haka matsayi na biyu da na huɗu a makunnin zaɓi suna kashe ƙugi kamar hambaka.

Saura fikof da ya mutu. Gumi kan ratsa, tsatsa ta ci sandar maganaɗisu, ta huda rufin wayar, naɗin ya tsinke a can ciki. A jita mai arha sai a sa wani. A tsohuwa mai daraja akan sake naɗi a kan robar da maganaɗisun na asali, a kuma faɗa wa mai saye, domin farashi zai sauka ko da kunne bai ji bambanci ba. Aikin ɗan'uwan na masu sake naɗin kwayil ɗin fanka ne a kasuwanninmu, sai dai wayar ta fi siranta nesa ba kusa ba, kuma yadda hannu ke jan ta da yadda yake watsa ta a kan gammon suna shiga cikin sautin. Wata mai naɗin fikof, Abigail Ybarra, ta shiga Fender a 1956, ta yi ritaya a 2013, kuma a shekarunta na ƙarshe fikof ɗin da ta sa wa hannu kuɗinsa daban ne. A shekarun farko kuwa ita da sauran matan da ke layin naɗi ma'aikata ne kawai da ake biya albashi.

Akwai wata Les Paul ta 1959 da ake kira Greeny. Peter Green na Fleetwood Mac ne ya yi suna da ita, ya sayar wa Gary Moore, a 2014 kuma ta koma hannun Kirk Hammett na Metallica. Maganaɗisun fikof ɗinta na wajen wuya a juye yake, don haka in aka kunna biyun tare sai su riƙa cin juna, sautin ya fito siriri kamar ta hanci ake yin sa. Masu bincike sun rabu, wasu na cewa daga ma'aikata ta fito haka, wasu na cewa mai gyara ne ya mayar da shi ba daidai ba. Ko ma wanne ne, duk mai duba aiki da ya kama shi a lokacin da ya sa an gyara. A 'yan shekarun nan Gibson da Epiphone sun fitar da kwafinta, da maganaɗisun a juye tun daga ma'aikata. Wanda ya sayi ɗaya ya ga sautin tsakiyar bai yi masa ba, ya kwance ya daidaita maganaɗisun, ran da zai sayar dillali zai rage masa kuɗi saboda ya taɓa asali.